Ta Gida Ko Ta Waje: Jawabin Magatakarda Kan Sayen Sabuwar Mota

 

Shugaban ƙungiya, iyayen ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi, direbobinmu da yaran mota, 'yan'uwa da suka taso daga Maraɗi da Ɗan Isa da Madarunfa, da waɗanda suka zo daga Jibiya da Katsina da Kano.

Mun gode wa Allah da Ya sake nuna mana zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin wannan shekara, Allah Ya jiƙansu, Ya albarkaci bayansu.

Shugaba ya ba ofishin magatakarda 'yan mintoci mu yi bayani a kan maganar da ta fi kowace tayar da ƙura a tarukanmu na bana. Kuɗin da muka daɗe muna tarawa na karo-karo sun kai a sayi sabuwar a-kori-kura ta ƙungiya, wadda za ta riƙa ɗaukar ƙananan kayan mambobi tsakanin Kano da Maraɗi, ta kuma kai ɗauki idan motar wani ta lalace a hanya. Kan sayen babu gardama. Gardamar tana kan wace za a saya. Wasu sun ce a sayi wadda aka harhaɗa a Najeriya. Wasu sun ce ba su yarda ba, sai wadda aka sauko da ita daga jirgin ruwa a haɗe. Har an kai wasu dattawa biyu da suka shekara talatin suna cin tuwo a kwano ɗaya sun yi mako ba su gaisa ba. Kuɗin nan na marayu ne da zawarawa da masu ƙaramin jari, don haka ya zama dole mu faɗi abin da muka gano a gaban kowa. Kuma mun san akwai mambobi da dama da ke shirin sayen tasu motar, bayanin zai yi musu amfani.

Bari mu fara da tuna baya kaɗan, saboda matasan cikinmu suna ɗauka haɗa mota a ƙasashenmu sabon abu ne. A 1975 masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara aiki. A shekarun nan ne kuma aka kafa ta Volkswagen a Legas, da ta manyan motocin Marsandi a Inugu, da Steyr a Bauci, da Leyland a Ibadan, da ta manyan motocin Fiat a Kano. Iyayenmu da ke zaune a sahun gaba sun san abin da Fijo 504 da 404 a-kori-kura suka yi a wannan hanya tamu. Ba don ba sa lalacewa aka so su ba. An so su ne saboda duk inda suka tsaya, ko a Jibiya ko a Tasawa ko a Damagaram, akwai bakaniken da ya san cikinsu kamar tafin hannunsa, kuma akwai mai shagon da ke da kayan gyaransu. Daga 1986, da darajar naira ta fara zubewa, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, sai kasuwar 'yan Kwatano ta buɗe, masana'antun nan suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan darasi na Fijo shi ne ginshiƙin duk abin da za mu faɗa yau.

A 2013 gwamnatin Najeriya ta fito da sabon tsari don farfaɗo da haɗa motoci. Ta ɗora wa ƙaramar motar da aka shigo da ita a haɗe kuɗin fito kashi 35 cikin 100, da wani haraji na daban shi ma kashi 35, ta kuma sauƙaƙa wa masu shigo da sassa su haɗa a gida. Dokar kuɗi ta 2020 ta sassauta wannan haraji sosai. A yau akwai Innoson a garin Nnewi na Jihar Anambra, wanda aka buɗe masana'antarsa a 2010. Akwai Dangote Peugeot a Kaduna da ya fara fitar da motoci a 2022, akwai kuma Dangote Sinotruk mai haɗa manyan motoci a Legas. 'Yan'uwanmu masu fataucin Gana sun san can ma an shiga harkar: Volkswagen ya fara a 2020, Toyota ya fara haɗa Hilux a Tema a 2021, Nissan kuma ya biyo baya da Navara a 2022.

To amma mene ne ma'anar a ce an haɗa mota a gida? Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Haɗi iri biyu ne. Akwai wanda ake kira SKD. A wannan, gangar motar tana zuwa an riga an yi mata walda da fenti a ƙasar waje, abin da ya rage a nan shi ne a ɗaura inji da tayoyi da kujeru da fitilu. Akwai kuma CKD, inda motar ke zuwa gunduwa-gunduwa, a yi waldar da fentin da komai a nan. A duka biyun, injin da akwatin giya da na'urorin lantarki yawanci daga waje suke zuwa, da dala aka sayo su. Saboda haka wanda yake tsoron motar gida wai injinta na ƙera ne, ya kwantar da hankalinsa. Wanda kuma yake zaton motar gida ba ruwanta da tashin dala, shi ma ya sake lissafi. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ta gida da ta waje duka sun ji a jikinsu.

Yanzu ga abin da ya bambanta mu da sauran masu sayen mota, wanda kuma ba mu ji an ambata ba a duk gardamar da aka yi. Mu mutanen iyaka ne. Motar da ake ce wa ta gida a Katsina, da ta tsallaka Magama ta isa Ɗan Isa ta zama baƙuwa. Idan ɗan Maraɗi ya sayi motar Kaduna yana so ya sa mata lambar Nijar, dole ya bi ta ofishin duwan kamar wanda ya sayo daga Dubai. Sauƙin harajin da gwamnatin Najeriya ta yi wa masu haɗawa ya tsaya a bakin iyaka.

Wani zai ce ai akwai tsarin ECOWAS da ke yafe kuɗin fito ga kayan da aka sarrafa a yankin. Gaskiya ne akwai shi, amma da sharuɗɗa. Sai an yi wa kamfanin da kayan rajista a tsarin, sai an ba da takardar shaidar asali, kuma a ƙa'ida ana so aikin da aka yi a gida ya kai aƙalla kashi 30 cikin 100 na darajar kayan. Motar da aka ɗaura wa tayoyi da kujeru kawai da wuya ta kai wannan mizani. Ga shi kuma tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS. Don haka kada kowa ya dogara da maganar dillali cewa ba za a biya komai ba. A je ofishin duwan da takardun motar, a ji adadin daga bakinsu, kafin a ba da ko sisi.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. Wanda ya ga sabuwar mota da araha a Yamai ko Kwatano ya ce zai koro ta Katsina ya sa mata lamba, to ya san yana wasa da jarinsa. Irin waɗannan dokoki suna canzawa, don haka a tambayi kwastan a ranar da za a saya, ba a ranar da aka tare mota a hanya ba.

Kuma ba mu manta abin da rufe iyaka ya yi mana ba. An rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, tamu ta Jibiya ma ba a buɗe ta ba sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Da gadar Gaya da Malanbil ta rufe, kayan Nijar suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru. Mota sabuwa da kayan gyaranta duka ta wannan hanya suke zuwa. Duk mai sayen mota a cikinmu ya tambayi kansa: idan aka wayi gari iyaka a rufe, a wane gefe motata za ta kwana, kuma a wane gefe kayan gyaranta suke?

Wannan ya kawo mu maganar garanti. Babban abin da mai sayen sabuwar mota yake biya, bayan ƙarfen, shi ne alkawarin cewa idan wani abu ya lalace cikin wa'adi za a gyara kyauta. Amma garanti yana da igiya. Yawanci sai an riƙa kai motar juyen mai da dubawa a garejin da kamfanin ya amince da shi, a kan lokaci, ana buga hatimi a littafi. Ɗaya daga cikin mambobinmu ya sayi sabuwar bas da aka haɗa a Najeriya. Lokacin juye ya same shi a Maraɗi, ya kai wa bakanikensa na kullum, aka yi aiki mai kyau. Bayan wata uku akwatin giya ya fara kuka. Da ya mayar da ita, aka buɗe littafi aka ga ba hatimi, aka ce garanti ya faɗi. Ba zaluntarsa aka yi ba, a rubuce yake, shi ne bai karanta ba, kuma ba wanda ya karanta masa.

Masu son ta waje kada su yi dariya tukuna. Ta waje ma kashi biyu ce. Akwai wadda wakilin kamfani na ƙasa ya shigo da ita, tana da garanti da gareji. Akwai kuma wadda ɗan kasuwa ya sayo da kansa daga Dubai ko Turai, sabuwa fil da ledarta, amma garantinta na can ƙasar da aka sayo ta. Wani ɗan'uwanmu ya sayo irin wannan, mai shan gas, wadda aka ƙera don titunan Turai. Irin waɗannan suna da matata a bututun hayaƙi da na'urori masu son man da aka tace sosai, wasu ma sai an riƙa zuba musu wani ruwa na musamman. Mu kuwa kowa ya san irin man da muke sha a hanya, wani lokaci na jarka ne a bakin titi. Ba ta yi wata shida ba fitilar gargaɗi ta kama, motar ta ƙi gudu. Ta yi wata biyu a ƙarƙashin bishiya ana jiran wani ɗan ƙaramin abu da bai kai girman akwatin ashana ba. Mota ce mai kyau, amma ba don hanyarmu aka yi ta ba.

Shi ya sa muke roƙon mambobi su daina tsayawa a kan farashin da aka rubuta a gilashi. Mu 'yan kasuwa ne, mun san araha ba ta ado. A yi lissafin shekara biyar. A haɗa kuɗin saye da kuɗin fito da lamba da inshora, har da katin inshorar tsallaka iyaka. A haɗa man da za ta sha da juye da tayoyi da birki. Sannan a sa abin da aka fi mantawa, wato kwanakin da za ta yi a tsaye. A ce, misali, mota tana kawo naira 50,000 a rana. Idan ta yi kwana 30 tana jiran kayan gyara, naira miliyan ɗaya da rabi sun tafi, ban da kuɗin gyaran, ban da abokin cinikin da ya gaji ya koma wajen wani. A ƙarshe a cire abin da za a samu ranar da za a sayar da ita.

A wannan gaɓa ta ƙarshe dole mu ba masu son ta waje gaskiyarsu. Motar da kowa ya sani, irin su Hilux da Hiace, tana riƙe darajarta a duka gefen iyaka. Ko ta shekara bakwai, ka kai ta kasuwa a Kano ko Maraɗi ko Agadas za ka sami mai saye kafin la'asar. Motar da ba a saba da sunanta ba, ko ta gida ce ko ta waje, mai saye na biyu zai taya ta da tsoro. Masu son ta gida su ma suna da tasu gaskiyar. Masana'antar tana inda za ka iya shiga mota ka je ka buga ƙofa. Ana iya biyansu da naira. Galibi sun yi la'akari da zafinmu da ƙurarmu da ramukanmu. Kuma albashin da ake biya a wurin 'ya'yanmu ne ke karɓa, su ne kuma ke zuwa sayen kayanmu a kasuwa.

Akwai bambancin kuɗi da ya kamata mutanen Nijar su lura da shi. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tana hawa tana sauka. Lokacin da naira ta yi ƙasa, mai riƙe da sefa zai ga motar Najeriya ta yi masa sauƙi. Amma ya tuna sauƙin nan a kan kuɗin saye ne kawai, duwan na jiransa a gaba. Mai riƙe da naira kuma ya sani kwastan suna lissafa kuɗin fito ne da farashin dala, don haka motar da aka yi cinikinta tana kan teku tana iya ƙara tsada kafin ta sauka.

Da muka ga gardama ta ƙi ƙarewa, sai ofishinmu da direbobi biyu da bakanike ɗaya muka yi abin da ya fi sauƙi. Muka rubuta kayan da a-kori-kura ta fi ci a wannan hanya: matatar mai, matatar iska, takalmin birki, faifan kuloci, shakazoba, sifirin, lagireto, gilashin gaba. Muka shiga Ƙofar Ruwa a Kano da takardar, muka bi shagunan kayan gyara na Katsina da na Maraɗi, muna tambaya a kan kowace mota da ake magana: akwai ko babu, nawa ne, in babu kwana nawa zai zo? Gani ya kori ji. Mun ga motar gida da kayanta ke ko'ina, saboda injinta iri ɗaya ne da na wata da aka daɗe da sani. Mun ga wata ta gidan da ko matatar mai sai an aika masana'anta. Haka muka gani a na waje. Sakamakon yana ofis, duk mai so ya zo ya duba. Muna kuma ba kowa shawara ya yi wannan zagaye da ƙafarsa kafin ya sayi tasa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abu kuma, a duba lambar jikin mota. Tana da harufa da lambobi 17, kuma na farkon suna nuna inda aka ƙera ta. Wadda ta fara da J daga Japan take. Hilux da ta fara da AHT daga Afirka ta Kudu, wadda ta fara da MR0 daga Tailan. A tabbata lambar da ke jikin ƙarfe ita ce a takardar kwastan ko ta masana'anta, harafi da harafi. Harafi ɗaya da ya saɓa ya isa a sauke mutum a shingen farko.

To ina muka tsaya? Ba za mu ɓoye ra'ayinmu ba. Motar ƙungiya lambar Najeriya za ta ɗauka, a Katsina za ta riƙa kwana, yawancin kuɗin da aka tara kuma naira ne. Saboda haka ofishin magatakarda yana ba da shawara a fara neman wadda aka haɗa a Najeriya, bisa sharuɗɗa uku da za a rubuta a takardar ciniki, a sa hannu. Na ɗaya, garantin ya ci gaba da aiki ko motar tana cikin Nijar, a kuma faɗi abin da direba zai yi idan lokacin juye ya same shi a can. Na biyu, a nuna mana garejin da aka amince da shi a Kano ko Katsina, mu je mu gan shi da idonmu, mu ga kayan gyara a kan kanta. Na uku, a rubuta iyakar kwanakin da za a jira idan babu wani abu a ajiye. Idan kamfani ya ƙi rubuta waɗannan, to ya ba mu amsa da kansa, sai mu koma ga ta waje ta hannun wakilin kamfani mai gareji, ba ta hannun wanda ofishinsa ke cikin wayarsa ba.

Ga 'yan'uwanmu na Maraɗi da za su sa lambar Nijar, amsarku tana iya bambanta da tamu, kuma ba laifi. A wajenku duka biyun baƙi ne. Ku fara da ofishin duwan, sannan kasuwar kayan gyara, sannan ku je wurin mai sayarwa.

Za a kaɗa ƙuri'a a taron wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Muna roƙon kowa ya zo, musamman iyayenmu mata, domin kaso mai yawa na kuɗin nan daga adashinsu ya fito. Dattawanmu biyu kuma, mun ga yau an zaunar da ku a tabarma ɗaya, muna roƙon ku yi musafaha kafin a kawo abinci. Motar da za a saya za ta tsufa a sayar da ita, ku kuwa da ku za a ci gaba da zama.

Inda muka yi kuskure a gafarce mu, a kuma gyara mana. Allah Ya tsare hanyoyinmu, Ya kiyaye direbobinmu, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da Nijar da Najeriya lafiya. Allah Ya maimaita mana.